Matar Kujerar Baya a Motar Kaduna

Cikin duk shekarun da na yi a tashar Birnin Kudu, ranar da na bi motar Kaduna ba ta taɓa fita daga raina ba. Lokacin ba a daɗe da ba mu jihar Jigawa ba. Ni ɗan kamasho ne, aikina kiran fasinja da ɗora kaya, mota ta tashi in koma inuwa. Tafiya ba ta dame ni ba, tuwon gidana ya fi min. To ran nan yaron motar Malam Sale, direban Kaduna, ya kwana da zazzaɓi, ciyaman na tasha ya ce ni zan bi shi.

Da sassafe motar Gwaram ta sauke mutane, muka kwashe su. Wani dattijo muka ba shi gidan gaba don girmamawa. Wata mata mai lulluɓi, ɗauke da yarinya tana barci, ta wuce can kujerar ƙarshe ta zauna.

Muna barin gari yarinyar ta farka ta fasa kuka. Za ta kai shekara biyar. Tana ture matar tana cewa, "Ki sake ni, ni gidanmu za ni, a kai ni wajen Inna." Matar ba ta rarrashe ta ba, ba ta kira sunanta ba, taga kawai take kallo.

A watannin nan ana ta raɗe-raɗin satar yara. Wata Hajiya mai sarin atamfa daga Kano ta juyo ta ce, "Baiwar Allah, 'yarki ce?"

Matar ta ci gaba da kallon taga, Hajiya ta sake tambaya.

"Da ke nake. Ya sunanta?"

Matar ta ja mayafi ta rufe fuska, ta ce a hankali, "Ta gidanmu ce."

Hajiya ta tambayi yarinyar ko wannan ce babarta. Yarinya ta girgiza kai ta ce, "Yaya ce."

Nan mota ta ɗauki gunaguni. Ni ma na kasa kunne. Maganar matar ta mutanen Zandam ce, can ƙasar Gwaram, ta yarinyar ma haka, amma wannan bai wanke kowa ba, ɓarawo ma a gari yake zaune. Kuma na tuna ba wanda ya rako ta tasha, ba ta da kaya sai ƙullin zani.

Ƙa'idarmu ita ce, abin da ya faru a baya yaron mota ya sanar da direba, direba ne mai hukunci. Na leƙa na raɗa wa Malam Sale. Ya ce, "Akwai shingen 'yan sanda kafin Wudil. In muka wuce da ita aka kama a gaba, har da mu da motar za a tsare. A can zan sauke ta."

Na ce, "Malam, in aka raba su a can fa, alhali tata ce?"

Ya ce, "To ta buɗe baki mana."

Da muka hango shingen sai ya gangara gefen titi ya kashe mota, ya ce matar ta fito. Ta fito, yarinya na tsala ihu. Hajiya ta riƙe hannun yarinyar gam. Malam Sale ya ce, "Tambaya ta ƙarshe. Ke kika haife ta ko a'a?" Hawaye na zuba, amma ta ƙi magana. Idonta na kan gidan gaba.

Kashe motar ne ya tashi dattijon nan, ashe kunnensa da nauyi, tun Kiyako yake gyangyaɗi. Ya sauko yana tambayar ko taya ce. Yarinyar na ganinsa ta fizge ta ruga ta ƙanƙame ƙafarsa.

Ya ce, "Amaryata, wa ya taɓa min ke?"

Na matsa kusa da kunnensa na yi masa bayani. Ya juyo gare mu. Ya ce, "Matar ɗana ce. Wannan 'yar fari ce, tun yaye tana hannunmu, yau za mu mai da ta wajen ubanta ta shiga makaranta. A gabana kuke so ta ce ita ta haifa?"

Hajiya ta ce, "Baba, ai sai ku zauna tare."

Ya ce, "Da surukata?"

Muka koma mota, yarinya a cinyar kakanta. A Zariya Hajiya ta sayi gurasa ta miƙa baya, matar ta karɓa ta ajiye, ba ta ci ba har Kaduna.

Ku da kuke lodi yanzu, ku sa ido, ban hana ku ba. Amma mutanenmu na ƙauye sukan taho tare su zauna kamar ba su san juna ba. Kafin ka rufe ƙofa, ka bi kujera kujera ka tambayi kowa a hankali da wa ya taho. A tasha za a gaya maka da ido ko da yatsa. A gaban 'yan sanda, wata ta gwammace a tafi da ita da ta buɗe baki.