Iskar da ke Cikin Kwaɓi

Na tsufa, haƙora sun zube, na manta sunayen wasu jikokina har sai an tuna mini. Amma abin da idona ya gani wata rana da tsakar rana a ɗakin kwaɓi na gidan burodinmu a Faskari, wannan kam sai dai a binne ni da shi.

Ni ban yi boko ba, kada a tambaye ni shekara. Abin da na sani, lokacin ne aka ɗauke mana sule da fam aka kawo naira, aka ce an samu arzikin mai a ƙasa. Mu ba mu ga mai ba, motoci muka gani. Manyan motoci suna ta ɗibar ƙasa da dutse, leburorin hanya sun cika gari, kuma kowanne cikinsu ba ya karyawa sai da shayi da burodi. Daga Funtuwa ake kawo burodin, kafin ya iso ya bushe kamar kara.

Ni kuwa a lokacin ban daɗe da fita takaba ba. Fari ya cinye mana gona, ciwo ya ɗauke maigidana, ya bar ni da ɗiya ƙanana. Wan mijina da ke zaune wajen Sabuwa shi ya riƙe mu, kuma ba zan ci amanarsa ba, sai da ya ga ƙasan rumbunsa saboda mu. Amma ni ba a haife ni don zaman jiran mudu ba.

Sai ga wata Malama 'yar garin, wadda ta yi aikin koyarwa a Zariya ta dawo gida. Ta gina tanderu a bayan gari, ta ce gidan burodi za ta buɗe, kuma ba za ta ɗauki namiji ko ɗaya ba, sai zawarawa da matan da mazansu suka rasu. Ta ce gidan ba nata ba ne, namu ne, abin da aka samu a sayi fulawa, saura a raba wa masu aiki. Mata suka zo har daga Ƙanƙara da 'Yargoje. A cikinmu akwai wata dattijuwa Bamagujiya daga ƙauyukan daji, muna ce mata Gwaggo. Ba ta da yawan magana, amma in ta murza kwaɓi sai ka ji katako yana kuka.

Ɗakin kwaɓin nan ƙofa ɗaya gare shi, ba taga, sai wata 'yar kafa can sama kusa da rufi wadda ko kyanwa ba za ta bi ba. Malama ta ce haka kwaɓi ke so, ɗumi da duhu. A tsakiya akwai komi na katako, irin wanda ake ba dabbobi ruwa, amma ya fi shi girma. Nan muke zuba kwaɓin mu lulluɓe shi da farin ƙyalle, mu ja ƙofa mu ba shi wuri.

Kada wani ya ɗauka mu ba mu san kumburi ba. Wace mace ce ba ta kwana da ƙullun waina ta tashi ta ga ya taso ba? Amma wannan daban ne. Malama tana da wani gwangwani da take ajiyewa a ɗakinta, da wani gari a ciki mai ruwan ƙasa, wai shi yis. Ta ɗebo kaɗan ta zuba a ruwan ɗumi, ta barbaɗa masa sukari, ta ce mu jira ya farka. Muna tsaye muna kallo sai ruwan ya fara kumfa shi kaɗai, ba wuta, ba mai motsa shi.

Ta ce, "Ku kula da kyau, abin nan yana da rai. In kun sa masa ruwan zafi kun kashe shi. In ba ku ba shi sukari ba, ba zai yi muku aiki ba."

Wata yarinya daga cikinmu ta ce, "To Malama, mi ke tada kwaɓin haka da rana tsaka?"

Malama ta yi dariya ta ce, "Iska ce. Iska ce ke shiga cikinsa."

Baiwar Allah iskar da muke shaƙa take nufi. Amma sai na ji ƙwarya ta faɗi ƙasa. Na waiga, daga hannun Gwaggo ce ta faɗi.

Da muka fito shan ruwa ta ja mu gefe, ta ce, "Ku 'yan nan, kunnuwanku na ado ne? Abu mai rai, an ɓoye shi a gwangwani. Ana ba shi zaƙi kafin ya yi aiki. Ana lulluɓe shi da farin zane a ɗaki mai duhu, a ja ƙofa a ba shi wuri. Kuma mai shi da bakinta ta faɗi sunansa. Mu a wajenmu mun san wanga abu, uwata ta yi masa hidima har ta mutu."

Muka yi dariya, amma dariyar ba ta kai ciki ba. Daga ranar na fara jin abin da da ban ji ba. In rana ta take tsaka, gari ya yi tsit, ko kaza ba ta motsi, sai ka ji daga cikin ɗakin nan wani ɗan sauti, tsis, tsis, kamar mutum yana barci yana numfashi ta hanci. In ka leƙa, ƙyallen ya yi tudu kamar an lulluɓe wani a kwance. Kuma kowa ya sani, tsakar rana lokacin su wa ne.

Magana ba ta kwana a bakin mata. Kafin ranar kasuwa ta zagayo, gari ya ɗauka cewa Malama ta zo da iskoki a gwangwani daga Zariya, wai shi ya sa ba ta ɗaukar maza, wai matan da ba su da mai tsaya musu take tarawa don in ta ba da ɗaya ba mai tambaya. Masu shayi suka fara dawo mana da burodi. Wani ya ce ya yanka ya ga ramuka a ciki kamar idanu. Iyaye da 'yan'uwa suka riƙa zuwa suna janye nasu ɗaya bayan ɗaya. Gwaggo ma ta naɗe tabarmarta ta koma ƙauye. Malama ta yi bayani har muryarta ta dishe, amma duk lokacin da ta ce "iska" sai mutane su ƙara matsawa baya.

Ni na tsaya. Ba don ba na tsoro ba. Tsoro kam har cikin ƙashina. Amma a karon farko tun rasuwar maigidana, na ɗora tukunya da abin da hannuna ya samo, kuma ɗiyana sun kwana da ciki cike.

Sai saƙo ya zo daga Sabuwa ta bakin wani mai jaki. Wan mijina ya ce ɗiyan ƙanensa ba za su ci abincin iskoki ba. Yana nan tafe ya gani da idonsa. In ya ga abin da ba na Allah ba, ranar zai wuce da su, ni kuma in zauna da iskokina.

Ranar da ya zo, mu biyu muka kwaɓa da safe, ni da Malama. Muka lulluɓe, muka fito, ni na ja ƙofar da hannuna. Malama ta ɗauki gyale ta tafi wajen liman ta roƙe shi ya yi wa mutane magana. Ni kuma na zauna a bakin ƙofar ɗakin, bayana jingine da ita, ina tsinke itacen tanderu. Ina so a riƙe wannan da kyau: ban tashi daga wurin ba. Ko fitsari ban je ba.

Rana ta hau. Inuwa ta shige ƙarƙashin ƙafa. Ɗakin ya fara numfashin nan nasa a bayana, kuma ranar ya fi na kullum ƙarfi, har ina jin sa a ƙashin bayana ta cikin katakon ƙofa. Ina cikin karanta abin da na iya, sai na ji ƙararrawar keke.

Na durƙusa na gaishe shi. "Sannu da zuwa, Yaya. An sha hanya."

Bai amsa da sakin fuska ba. Ya jingine keken, ya ce, "Lahiya lau. Ina abin yake?"

"Yaya, a sha ruwa tukuna."

"Ban zo shan ruwa ba. Buɗe in gani."

Can nesa, bayan dangar gonar wani, na hango kawunan mutane. Sun biyo shi kallo, amma ba wanda ya yarda ya matso.

Na tura ƙofa na shiga gaba. Shi ya tsaya a dokin ƙofa yana ƙifta ido, don wanda ya fito daga hasken rana ba ya ganin komai a ɗakin nan sai ya ɗan jima. Ni idona ya saba. Kwaɓin ya taso ya wuce bakin komi, ya fara zubowa ta gefe a hankali kamar mai neman sauka. Na kama bakin ƙyallen na ɗaga.

A tsakiyar kwaɓin akwai sawun hannu.

Hannun hagu ne, yatsu biyar a buɗe, an danna shi ya nutse sosai. Yatsun dogaye ne, sun fi nawa, sun fi na Malama, sun fi na duk macen da na taɓa gani. Kuma ƙyallen da na ɗaga a shimfiɗe yake lafiya, yadda muka bar shi.

Na ji gashin kaina yana tashi ƙarƙashin kallabi. Ƙafafuna suka ce mini, ke, ƙofa. A daidai lokacin na ji takun Yaya a bayana, yana cewa, "Matsa in gani."

Wallahi ban yi tunani ba. Fuskar autana kawai na gani, an ɗora shi a bayan keke ana tafiya da shi yana waige. Na dunƙule hannuna na dama, na ce bismillahi da ƙarfi, na kai wa sawun nan naushi a tsakiyar tafinsa. Hannuna ya nutse har gwiwa. Cikin da ɗumi kamar cikin dabba.

Kwaɓin ya yi wata doguwar ajiyar zuciya, fuuuu, ya sace ya kwanta.

Yaya ya yi tsalle da baya har hularsa ta faɗi, yana a'uzubillahi. Ni kuwa na ci gaba da naushi, hagu da dama, ina juya shi ina dannawa, don in na tsaya zai gane a tsorace nake. Sai da na tabbata babu sauran alamar komai, na juyo na ce, "Ga iskar nan ta fita, Yaya. Kullum haka nake yi mata. In ma wani abu ne a ciki, to shi ke shan duka a hannuna, ba ni ba."

Ya ɗauki hularsa ya kakkaɓe. Ya matso da ƙyar, ya sunkuya ya shinshina. Ya ce, "Wanga ai warin ƙullun waina ne."

"Shi ne, Yaya."

"Shi ke nan abin da ake ta faɗi?"

"Shi ke nan."

Bai tafi ba. Ya zauna a kan turmi ya sa mini ido, na yanka kwaɓin na zuba a gwangwanayen gashi, na hura tanderu, na gasa. Da ƙamshi ya tashi, mutanen bayan danga suka fara matsowa da kaɗan-kaɗan. Na ciro na farko na miƙa masa da hannu biyu. Ya juya shi, ya ɓare, ya daɗe yana kallon ramukan ciki. Sannan ya yi bismilla ya kai baki, duk idon mutane a kansa. Ya tauna, ya haɗiye, ya jira. Da ya ga bai faɗi ba, sai ya ce, "Gishirin ya yi kaɗan." Ya sa na naɗe masa wani ya kai wa iyalinsa, ya hau kekensa ya koma Sabuwa shi kaɗai.

Da ya ɓace a kwana, na zauna a ƙasa na yi kuka kamar yarinya.

Dattijo ya ci a gaban jama'a bai mutu ba, liman kuma ya yi magana ranar Juma'a, sai mata suka fara dawowa. Malama ta daina cewa iska, ta koma cewa kumburi. Na yi aiki a gidan nan har na aurar da ɗiyana duka da gumin hannuna, kuma matan da na koya wa murza kwaɓi ba su ƙirguwa.

Ranar da na ga sawun nan, da Malama ta dawo daga wajen liman, na tambaye ta ko ta koma ɗakin kafin ta fita, ta ce ta ina, ba ke ce a bakin ƙofa ba? Ban faɗa mata dalili ba. Gwaggo kaɗai na gaya wa, bayan ta dawo. Ta saurare ni har na gama, ba ta yi mamaki ba. Ta ce, "Hagu ko dama?" Na ce hagu. Ta gyaɗa kai, ta gyara ɗaurin zanenta, ta sa hannu a komi ta ci gaba da murza. Har ta bar duniya ba ta ƙara ce mini komai a kai ba, ni ma ban ƙara tambaya ba.

Har yau ban san hannun wa ne ba, kuma na daina son in sani. Abin da ranar ta koya mini shi ne, ba sai tsoro ya tafi ake yin aiki ba. Da na tsaya jiran zuciyata ta kwanta, da a gidan wani ɗiyana suka girma. Ina gaya wa 'yan matan yanzu, in abincinki da na 'ya'yanki yana cikin abu, ko jikinki na rawa, ki ambaci sunan Allah ki sa hannu.