Ba a Sa Aska a Farin Wata

Innarmu ɗiyar wanzami ce, kuma a gidan ubanta ba a taɓa rataye kalanda ba, sama suke dubawa. Idan mutum ya zo neman ƙaho, ko an kawo yaro kaciya, kakanmu ba ya taɓa zabirarsa sai ya tuna kwanan wata. In wata yana kan cika, sai ya ce a koma gida a dawo ran sha bakwai. A wurinsa jinin ɗan Adam bin wata yake yi, ya cika in wata ya cika, ya kwanta in wata ya fara raguwa. Inna ta sha wannan magana tare da nono, ta taho da ita gidan babanmu, a wani ƙauye tsakanin Daura da Mai'adua.

Ita ce mai ganin wata a unguwarmu. Bayan gidanmu akwai wani gawo, kuma daga gindin rumbu ana hango yamma fes ta gefensa. Duk ƙarshen wata, da ta sallame magariba, can take zuwa ta tsaya. Maza suna ƙofar masallaci suna ta nuna sama da yatsa suna gardama, ita kuwa tuni ta ga abinta ta dawo kan tukunya. Daga bakinta muka koyi cewa siririn nan na farko jinjiri ne, tauraruwar nan mai haske da ke raɓe da shi kuma Zara ce, matarsa. In ya kwana bakwai ya zama rabin faifai. In ya kai sha huɗu, mu yara ba mai iya tsare mu a ɗaka, sai dandali. Bayan nan sai ya fara makara, Inna ta ce ya zama irin mazan da ba sa shigowa gida sai tuwo ya huce. In ya yi zobe ta ce ya kafa sansani, a yi ta addu'a. Ranar da rana ta kama wata kuwa, malamai na masallaci suna salla, mu muna tsakar gida muna dukan turmi da tsofaffin kwanoni har sai ta sake shi, kuma mun yi imani mu muka cece shi.

Akwai wata al'ada tata da ban gani wurin kowa ba sai 'yan gidansu. In ta ga jinjirin wata ta yi addu'a, sai ta runtse ido, ta kira sunan wanda ta zaɓa, ba za ta buɗe ba sai a kan fuskarsa. Ta ce wata yana ɗaukar halin fuskar da aka fara gani bayansa. Mukan yi layi a bayanta muna tura juna. Yawanci ƙanena take kira, shi da kullum haƙoransa ke waje. Wani lokaci jaririn maƙwabta. Ni kuwa ko sau ɗaya.

Na taɓa tambayarta dalili, sai ta ce, "Ke da fuskar nan taki kamar an aiko maki da saƙon mutuwa? So kike watan ya yi mana tsami?"

Kowa ya yi dariya, ni ma na yi. Amma abin ya yi mini ciwo, kuma ya daɗe yana yi. Na girma, na yi aure a cikin Daura, na zama malamar firamare, na haifi nawa, ban daina tuna maganar nan ba duk lokacin da na ga sabon wata.

Yanar ido ta shigo mata a hankali, bayan rasuwar babanmu. Da farko zare ne ya ƙi shiga allura. Daga baya ta daina tsince tsakuwa a wake. Fuskokinmu suka zama inuwa, ta koma gane mu da murya da takun ƙafa. Duk wannan ba ta yi ƙorafi ba. Abin da ya karya ta shi ne ranar da ta tsaya a gindin rumbu, jikoki suna ihun ga shi can, ga shi can, ita kuwa ba ta ga komai ba. Tun daga ranar sai dai ta zauna a tabarma ta tambaya, "Ya tsaya? Ina ya karkata?" A faɗa mata, ta riƙe lissafin a kai. Runtse idon ma ta daina. Ta ce wanda aka rufe wa ƙofa daga waje ba ya buƙatar sakata.

Ana cikin haka, a wata bazara cikin watan azumin tsofaffi, aka yi sanarwa cewa likitocin ido za su zo asibiti a Daura su yi mako guda suna aiki kyauta. Na aika wa ƙanena, ya ɗauko ta a babur, ta riƙe rigarsa tun daga ƙauye tana yi masa faɗan gudu. Mutane kuwa ba masaka tsinke. Wasu daga Mashi, wasu sun tsallako iyaka ta Kongolam, kowa da ɗan jagoransa da sandarsa. Muka wuni a layi. Da aka duba ta, aka ce idon dama zai gyaru, wata nas ta miƙo mini kati ta ce mu dawo ranar Alhamis da sassafe.

Na ji daɗi har na fara yi wa nas ɗin godiya. Inna ta ja mayafina.

"Alhamis nawa ga wata?"

Na ce ban sani ba. Ƙarya nake, na sani. Ta motsa yatsunta a kan cinya, ta gama, ta laluba sandarta ta miƙe.

"Sha huɗu ne. Mai da ni gida."

Na ce, "Haba Inna! Aikin asibiti ne fa, ba ƙaho ba ne."

"Da mene ne za su cire yanar? Da addu'a?"

Nas ɗin, Allah ya yi mata albarka, ta durƙusa gabanta ta yi mata bayani da haƙuri, cewa tsagar ƙarama ce ƙwarai, jini ma kusan ba a gani. Inna ta saurara har ƙarshe, sannan ta ce, "Ɗiyata, ido ruwa ne. Wanda jini ke bi, ruwa ma shi yake bi. Ubana bai taɓa sa aska a jikin mutum a farin wata ba, ba za a fara a idona ba. Ki ba ni sha bakwai."

Sha bakwai ta kama Lahadi, ranar da likitocin za su gama su tafi. Nas ta ce duk gurbin ranar ya cika, kuma ba wanda ya san yaushe za su sake dawowa.

Ni mai saurin fushi ce, wannan kowa ya shaida. Na ce mata lallai an yi gaskiya, wanzami ba ya son jarfa. Na ce shekara nawa tana zaune cikin duhu, ga haske ya zo har ƙofa tana korarsa da lissafin mutanen da suka daɗe a ƙasa. Ta ƙanƙame sandarta da hannu biyu. Da na dubi fuskarta sai na gane. Ba taurin kai ba ne kaɗai, tsoro ne, irin wanda aka dasa tun mutum bai san kansa ba. Na rasa abin yi, na zauna a kan benci na fara kuka a gaban jama'a, ni da nake tsawata wa 'ya'yan mutane a aji.

Wani dattijo ne a ƙarshen bencin, dogo, siriri, da rawani da ya sha rana, daga gani mai harkar shanu ne. Duk abin da muke yi yana ji. Ya gyara murya ya ce, "Baiwar Allah, ni Lahadi aka ba ni. Ga shi ranar kasuwar Mai'adua ce, ina da shanun da zan kai. Da za ki taimake ni ki karɓi Lahadin ki bar mani Alhamis, da kin yi mani alheri."

Inna ta juya wajen muryar. "Kai ba ka tsoron farin wata?"

Ya yi dariya. "Ni da kura ma mun kwana daji ɗaya."

Nas ta karɓi katunan biyu ta gyara, magana ta ƙare. Inna har da yi masa nasiha, wai ya dai yi ta addu'a tunda ya zaɓi kasuwa a kan lafiyarsa.

Da na raka shi bakin ƙofa ina godiya, na ce Allah ya sa a yi kasuwa lafiya. Ya rage murya ya ce, "Wace kasuwa, ɗiyata? Wa zai shiga cikin shanu da ɗanyen ido? Ni ma ubana ko kunnen maraƙi ba ya tsagawa a farin wata. Amma ni ina da ido guda da nake lallaɓawa da shi, ita ba ta da ko ɗaya. Kada ki faɗa mata."

Ranar Alhamis na biya asibitin kafin in wuce makaranta. Na same shi a layi, carbi na gudu a hannunsa, leɓensa ya bushe. Da aka kira shi ya miƙe, ya yi bisimilla da ƙarfi, ya shiga. Washegari na kai masa fura, na tarar an cire masa bandeji yana ta ƙirga mutanen da ke wucewa yana dariya. Ya ce in gaya wa Inna jini bai yi ambaliya ba. Da na gaya mata sai ta ce, "Allah ne ya tsare shi. Kada ya ƙara."

An yi mata nata ranar Lahadi, ta shiga ba gardama kamar mai zuwa gidan suna. Da aka buɗe idon washegari, nas ta ɗaga yatsu ta faɗi adadinsu daidai. Ta dubi tafin hannunta, ta dubi zanen jikinta ta ce ashe wannan shuɗi ne, ita da ta ɗauka baƙi aka saya mata. Na matso da fuskata ina murna, sai ta ja mayafi ta rufe goshi ta sunkuyar da kai.

"Kauce. Idon nan sabo ne. Ba zan buɗe shi a fuskar ɗayanku ba sai na ga wata."

Haka kuwa aka yi. Ta koma ƙauye da baƙin tabarau da maganin ɗigawa. Tana kallon kaji, tana kallon ƙasa, tana gano duk inda aka yi shara ta ha'inci, amma in ɗanta ko jikanta ya tsaya gabanta sai ta dubi ƙafarsa. Ni kuwa hankalina bai kwanta ba. Ganin yatsu a ɗaki daban, ganin jinjirin wata daban, kuma na san in ba ta gan shi ba, a wurinta aikin bai yi ba.

Ranar da ake sa ran tsayuwarsa na hau mota na tafi gida. Watan sha ruwan tsofaffi ne, ba azumi ba salla, ba wanda ya damu da shi sai mu. Bayan magariba muka bi ta zuwa gindin rumbu. Ta cire tabarau ta daɗe tana duban yamma. Jikoki biyu suka ce sun gan shi, ƙanena ya daka masu tsawa. Inna ta ci gaba da dubawa har jan sama ya dushe. Ta mai da tabarau ta koma ɗaki, tuwon ma ba ta ci ba.

Washegari ba wanda ya yi zancen. Da magariba ta yi, ta ɗauki sandarta ta fita ita kaɗai, muka bi ta daga nesa. Ta tsaya a wurin nan nata. Can sai na ji ta ce, a hankali, kamar mai gaishe da wanda ya dawo daga tafiya, "Kai ne ka rame haka?"

Yana nan ta gefen gawo, ɗan siriri, Zara na kusa da shi. Ta ɗaga hannu ta yi addu'ar ganin wata, ta ƙara da wata addu'ar ga mai shanun nan, wanda har yau ba ta san fuskarsa ba, muryarsa kawai ta sani. Mu ma ba mu sake ganinsa ba, ko garinsu ban tambaya ba. Duk inda yake, a raye ko a ƙasa, Allah ya haskaka masa kamar yadda ya yi mana.

Sannan ta runtse ido. Ƙanena ya gyara hula ya fara matsowa, shi da ya saba. Sai ta kira sunana.

Na tsaya kamar an dasa ni. Ta sake kira, da faɗa wannan karon, wai ko sai watan ya faɗi zan zo. Na je na tsaya gabanta, ina ta ƙoƙarin yin fara'a don kada in ɓata wa mutane wata, hawaye kuma suka ƙi ba ni haɗin kai. Ta buɗe ido. Ta daɗe tana kallona, daga goshi har haɓa. Ta sa hannu ta tura ɗankwalina baya kaɗan, ta taɓa gashin da ke gefen kunnena.

"Furfura ce wannan?"

Na ce ita ce, Inna.

"Wa ya ba ki izinin tsufa ban gani ba?"

Ta riƙe fuskata da hannu biyu, ta ce fuskar dai tana nan yadda ta bar ta, ba ta gyaru ba, amma a bar mata watan a haka, ita ta zaɓa.