Tsakuwa Bakwai da Ƙanena Ya Ajiye Mini

A gidanmu babba ne ke shiga gaba. Ba wanda ya taɓa zaunar da mu ya faɗa mana haka. Amma tun muna yara, idan za mu hau tudu zuwa gonarmu da ke bayan Zuru, mahaifinmu ne a gaba da fartanya a kafaɗa, ni a bayansa, ƙanena a bayana. Na gaba shi ke sare ciyawa, shi raɓa ke jiƙa wa wando, shi ke fara cin karo da maciji. Da tsoho ya rasu na ɗauki wurinsa ba tare da an yi shawara ba. Na girmi ƙanena da shekara tara. Ni na yi jami'a na dawo ina koyarwa, shi kuma ya shiga soja kamar yadda mahaifinmu ya yi.

A wani hutu da ya zo gida, muna zaune gindin mangwaron ƙofar gida da la'asar, ya miƙo hannu.

"Yaya, kawo wayarka in sa maka wani abu."

"Idan irin wasan harbe-harben nan ne, bar mini wayata."

"Harbi kuma? Wanda nake yi a wurin aiki ya ishe ni. Wannan na tsofaffi ne, daidai kai."

Wani ɗan ƙaramin wasa ne wanda ban taɓa jin kowa ya ambace shi ba, har cikin ɗalibaina. Ya ce mutum biyu ne kawai suka ƙirƙira shi, ba wani babban kamfani ba. Tudu ne da doguwar ciyawa ta rufe, cike da ramuka da ba a gani. Mutum biyu ke yinsa, amma ba a lokaci ɗaya ba. Na gaba zai fara hawa shi kaɗai, yana iya faɗawa rami ya sake farawa ko sau nawa ne, kuma an ba shi farar tsakuwa bakwai da zai ajiye a hanya. Idan ya kai ƙoli sai na baya ya hau, ko bayan kwana nawa ne, yana bin tsakuwar. Shi na baya dama ɗaya ce gare shi, kuma duk tsakuwar da ya taka sai ta ɓace. Idan ya isa lafiya, su biyun sun wuce zuwa tudu na gaba.

Ban tambayi wa zai shiga gaba ba. Na zaɓa wa kaina, shi kuma ya yi murmushi ya ƙyale ni.

Mun yi kusan shekara biyu a haka. Ina hawa nawa a ofishin malamai lokacin hutun tara, shi kuma ya bi baya duk ranar da ya sami netwok a inda aka tura su. Mu ba masu yawan magana ba ne. Idan na kira shi, daga gaisuwa da tambayar lafiyar Inna sai shiru. Amma idan na buɗe wasan na tarar an ba mu sabon tudu, na san yana raye, ya ci abinci, ya sami wurin zama. Nakan gaya wa Inna da yarenmu na C'lela cewa ɗanta yana lafiya, ta ce ya kira ne, in ce kusan haka. Shi kuwa saƙonsa ɗaya ne kullum: "Yaya, hanya ta yi kyau."

Sau biyu ya roƙe ni mu yi musanya.

"Ka bar ni in shiga gaba sau ɗaya mana, Malam. Aikina ke nan fa, neman hanya a daji."

"A barikinku ke nan. Nan gida ne."

"To, ranka ya daɗe, babban kwamanda."

Na yi dariya, na ɗauka an gama. Ban taɓa tsayawa na tambayi kaina me ya sa abin wasa ya zame mini maganar girma ba. Na karanta littattafai, ina koya wa yara su riƙa tambayar dalilin abu, amma wannan ban tambaya ba.

Farkon wata damina na buɗe wasan na ga ya riga ni. Ya hau tudun da kansa, ya ajiye tsakuwarsa, an rubuta cewa ni ake jira. Saƙonsa ya biyo baya: "Yaya, yi haƙuri, na yi maka rashin kunya. Biyo ni ka gani." Raina ya ɓaci, ɓacin da har yau nake jin kunyarsa. Ban ba shi amsa ba. Na ce a raina zan bar shi ya jira mako guda, ya san ya yi laifi. Mako ya zama uku, saboda jarrabawa ta zo, ko kuwa haka na riƙa gaya wa kaina.

Wata ranar Talata da hantsi, sojoji biyu suka tsaya da babur a ƙofar makaranta suna tambayata. Kafin su cire hula na gane. An yi wa su ƙanena kwanton ɓauna a hanya aka kashe shi, ba a kawo mana gawarsa ba, can aka binne shi. Ni na je na gaya wa Inna da matarsa, domin wannan ma aikin na gaba ne.

Na fi wata takwas ban buga wasan ba. Nakan buɗe shi dai, in kalli tsakuwar farko tana haske a gindin tudu, in rufe. Abin da ya rage mini wanda ya ajiye da hannunsa domin ni kaɗai ke nan, kuma na san idan na taka zai ɓace. Idan kuma ban taka ba, roƙon da ya yi mini na ƙarshe yana nan ban amsa ba. Wayar ta fara mutuwa da kanta, mai gyara a kasuwa ya ce ba za ta daɗe ba. Sai na ga zaɓin yana neman fita daga hannuna.

Wata Asabar da safe na hau tudu zuwa gonar, na zauna a kan dutsen da muke cin abinci, na fara.

Abin da ban sani ba, domin ban taɓa zama na baya ba, shi ne ana nuna wa mai bi inuwar na gaba. Duk inda ya yi tuntuɓe, duk ramin da ya faɗa, kana ganinsa dishi-dishi yana faɗuwa yana tashi. Na ga inuwar ƙanena ta faɗa rami ɗaya sau huɗu kafin ya sami mafita, sannan ya dawo da baya ya ajiye tsakuwa nesa da bakin ramin, inda ko mai ganin da ya fara rauni irina ba zai kuskure ba.

Nan na ajiye wayar a cinya. Shekara biyu ke nan yana kallon faɗuwata duka. Ni da nake faɗawa rami sau goma, in zubar da tsakuwa inda ba ta da amfani, in kai ƙoli ina jin na share masa hanya. Shi ya san yadda yake lallaɓawa ya isa da dama ɗaya tak. Bai taɓa yi mini dariya ba, shi da ba ya barin kowa ya sha ruwa idan ya samo abin tsokana.

Na ci gaba. Na taka ta biyu, ta ɓace. Ta uku, ta huɗu. Ban yi sauri ba, kuma ban kauce ko taki ɗaya daga inda ya nuna ba. A ta bakwai na daɗe, har rana ta fara zafi a ƙeyata. Sannan na taka.

Sabon tudu ya buɗe, ba tsakuwa ko ɗaya a kansa, wasan yana tambayar wa zai shiga gaba. Na fita daga ciki, na nemo lambarsa da har yanzu ban goge ba, na rubuta masa cewa hanya ta yi kyau. Na sa wayar a aljihu na gangaro gida, domin Inna tana jira in kai ta asibiti awon jini.