Gilashin da Na Je Nema a New Bell

Mun tashi da asuba daga Yaoundé a bas ɗin Douala, jakar kyamarata a cinya. Matar da ke gefena ta yi barci tun ba mu fita gari ba, sai na yi ta kallon daji da motocin katako ni kaɗai. A littattafan soyayyar da na taso da su, a irin wannan kujera jaruma take haɗuwa da mai sanyin murya. Ni mai tallan maganin basir na samu, ya cika mana kunne har Edéa.

Ga abin da ya fito da ni. Gilashin da aka haɗo min kyamarata da shi rana yake so, a ɗaki dushewa yake yi. Shekarar da Mama ta yi jinya na ɗauke ta ba adadi, babu hoto ɗaya da fuskarta ta fito sosai. Bayan rasuwarta dangi suka yi ta cewa yayarta, Inna Hauwa ta unguwar New Bell a Douala, kamarsu ɗaya. Rabona da Inna tun ina firamare. Sai na ƙudurta in sayi gilashi mai jan haske, in ɗauke ta, ko na samu fuskar Mama in rataya.

A Yassa, mashigar Douala, cunkoso ya riƙe mu fiye da awa. Zafin Douala ba irin namu ba ne, manne wa mutum yake kamar jiƙaƙƙen zane. Na hau babur zuwa New Bell, na ci gasasshen kifi da miyondo, tuwon rogon nan da ake naɗewa a ganye. Ko'ina Hausa nake ji gauraye da Faransanci, amma ba wanda ya san ni.

Sabon gilashi mai lamba hamsin ya ninka abin da ke jakata. A wani shago aka nuna min na hannu, yana sheƙi, sefa dubu arba'in. Har na fara son sa. Na kai wa wani dattijo mai gyaran kyamara a bakin layi, ɗan Garwa, ya duba min. Ya haska fitilar waya ta cikinsa, sai ga zare-zare kamar saƙar gizo.

"Danshin garin nan ya ci shi, 'yata. Mai da musu abinsu."

Ya buɗe gwangwani cike da ɗanyar shinkafa, inda yake ɓoye gilasansa daga laima, ya zaro wani tsoho duk ƙarzuwa a jiki, cikinsa kuwa garau.

"Wannan objectif ba ya zuƙowa, ba ya saita kansa. Da hannu za ki murza har mutum ya fito. Dubu talatin, kuma kar ki ce in rage, ko abincin rana ban ci ba."

Na biya.

Ɗakin Inna ƙarami ne, taga ɗaya. Tana zaune ita kaɗai, 'ya'yanta na can unguwar Ndogpassi, sai ranar Lahadi suke leƙowa. Bayan gaisuwa da kuka kaɗan, ta ɗaura ɗankwalinta na fita, ta zauna a bakin gado. Gilashin bai ɗauki ɗakin ba, fuska kawai ya ɗauka, dole na durƙusa dab da gwiwarta. Na fara murzawa a hankali. Hazo ya yi ta washewa. Ga tabo a gira. Ga wushirya. Ga hanci dogo, na Mama kuwa gajere ne. Ban taɓa kallon mutum tsawon haka ba, kuma duk inda na murza, Inna ce.

Na sauke kyamarar.

"Ba ki same ta ba ko?" in ji Inna.

Na girgiza kai.

"Duk wanda ya zo daga Yaoundé ita yake nema a fuskata. Ni ma na duba madubi, ba ta nan." Ta gyara zama. "To ɗauke ni ni, tunda kin riga kin ɓata kuɗin mota."

Dariya ta kuɓuce min da hawaye tare. Ita ma ta dara, a nan na danna.

Kwana biyu na yi. Ta ba ni labarin yadda Mama take satar mata kwalli suna 'yan mata, abin da ban taɓa ji ba. Da zan tafi na ce zan turo hoton ta wayar babban ɗanta.

"A'a. Ki wanko shi a takarda, ki kawo da ƙafarki."

Na iso gida bayan la'asar, ɗakin shiru yadda na bar shi. Ga masu neman shawara: kada sheƙi ya ruɗe ku, ku haska fitila cikin duk gilashin da za ku saya a garin ruwa, kuma tsoho mai arha zai yi muku aiki in kuna da haƙurin murzawa. Fuskar Mama dai na rasa ta, yanzu na yarda. Hoton Inna na wanke shi babba, yana jingine a bangon ɗakina cikin takarda, na kuma nemi hutun ƙarshen wata a wurin aiki.