Sakiya a Gwiwar Inna

Shekarar da na gama sakandare, lokacin da motoci suka fara yawa a hanyar Kankiya, gwiwar Inna, mahaifiyarmu, ta kumbura karo na uku. Daga Mawashi take ɗaukar ƙwaryar nono a ka zuwa kasuwa. Ranar ta tashi ƙafa ba ta takuwa, gwiwa ta yi zafi kamar tukunyar da aka sauke yanzu.

Na kai ta asibiti a Katsina. Likita ya zuƙi ruwa da allura, ya ɗaga hoton ƙashi ya nuna mini wani siririn farin layi. Ya ce wani abu ne mai kama da garin alli ya taru a guringuntsi, in ya zubo cikin gaɓa sai ta kumbura. Zai riƙa zuwa yana tafiya. Ta sha ƙwaya, ta huta, kada kowa ya taɓa wurin da ƙarfe.

Baffa, wan mahaifinmu, ya saurare ni har ƙarshe. Sai ya ce ai likitan da kansa ya yarda akwai abu a ciki, allurarsa ce ta yi ƙanƙanta. A wurinmu ko saniya ce ta kumbura, sakiya ake yi mata, ruwan ya fita. Ya aika a kira wanzami.

Na roƙe shi, na yi kuka. Inna ce ta tsayar da ni.

"Ke 'yar boko, bari. Damina ta shigo, nono na ta zuba. In zauna in kalli ƙwarya?"

Wanzami ya sa ƙarfe a garwashi har ya yi ja. Mata suka danne ta. Ban iya kallo ba, ƙaurin kawai na ji. Abin da ya fito bai cika cokali ba, kuma ba mugunya ba ce.

Kafin kasuwa ta zagayo, ramin ya fara wari, zazzaɓi ya rufe ta. Muka koma asibiti a bayan akori-kura. Likitan bai yi faɗa ba. Ya ce allin ba ya cin ƙafa, amma abin da ya shiga ta ramin yana ci. Ya ɗauki biro ya ja layi a cinyarta, daidai inda kumburin ya tsaya, ya ce in ya haura nan, sai dai a cire ƙafar.

Har yau ina tuna yadda nake ɗaga zaninta a hankali, don kada ta farka ta ga abin da nake dubawa.