Sandar Mama Rifkatu

Ni kaɗai na lura da ɗanyen taɓo a ƙasan sandar Mama Rifkatu, maƙwabciyarmu mai ɗinki. Shekara uku tana shaida wa mutanen Daura cewa addu'ar cocinsu ta warkar da ƙafarta, har ta jingine sandar bayan ƙofa.

Tarihi na karanta a jami'a, inda aka koya mini neman hujja. Da ƙyar na ce, "Mama, ashe har yanzu kina dogara ta?"

Ta yi dariya. "Ranar ruwa kawai, 'yata. Da can ko tsayuwa ba na yi. Wace takarda kike so?"

Kishi ya kama ni, don ban taɓa sakankancewa da komai haka ba. Ban gaya wa kowa ba. Ta goge sandar, ta koma kan kekenta.