Sunan Hadiza ya fito, nawa shiru

Ina bakin ruwa a Wara ina ɗaga waya sama, don nan ne sabis ke kamawa, sai Hadiza, 'yar ƙanen babana, ta ƙwala mini kira daga cikin kwalekwale: "Sunana ya fito! Jami'a ta ɗauke ni!"

Ni na koya mata lissafi kafin jarrabawa, kuma makina ya fi nata. Wata uku ke nan kullum ina dubawa, shiru.

Na rungume ta har da guɗa, amma wallahi ko sabon mayafinta haushi ya ba ni.

Na koma gida na tarar da Inna tana gyaran kifi. Ko ɗagowa ba ta yi ba.

"Kin yi mata barka?"

"Na yi, Inna."

"Da baki ko da zuciya?"

Na juya zan shige ɗaki.

Ta ce, "To tahi ki taya ta tarbar baƙi, zuciyar ta same ki can."

Na wuni ina raba kunu ina haɗiye hawaye. Ina son Hadiza, kuma har yanzu kishinta nake ji. Don Allah ku gaya mini, ku ma kun taɓa jin haka, ko ni ce mai mugun hali?